Ramin Gishiri da Gawayi

A Gidan Gawo, can arewa da Ɗanbatta inda gero yake tsirowa har jikin katangar gida, kowa ya san Nababa da saurin hannu. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. In iska ta yaye maka rufi shi ne zai fara hawa, in rasuwa aka yi shi ne farkon shiga kabari. Amma zuciyarsa a kusa take, kuma in ta hau kunnensa toshewa yake yi. Sai ya gama duka sannan ya tsaya tambayar me aka yi.

Shekarar kuwa ko masu haƙuri ta gwada su, balle shi. Man fetur ya ninka har sau uku, taki ya fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Da bazara ɗaya daga cikin shanun noman Nababa ya kwanta bai tashi ba. Da damina ta zauna, geronsa na bayan gida ya yi rawaya ya ƙi tsawo. Duk wannan ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne ciwon Sakinatu.

Sakinatu 'yarsa ce ta uku, kuma duk gidan an san ita ce 'yar gaban goshi. Ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, an yi suna, sai ga zazzaɓi ya kayar da ita. Kwana biyar tana kwance, jiki kamar garwashi, ko kunun kanwa ba ya zama a cikinta. Nababa da ba ya tsoron kowa a garin nan sai ya riƙa tsayawa a ƙofar ɗakin yana sauraron numfashinta. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada yarinyar nan ta tafi ta bar masa jariri.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da ƙanensa Muntaka. Gidan ubansu ne aka raba, aka kuma ɓata a kan taku huɗu na ƙasa a bayan gida, har shekara uku ke nan ko gaisawa ba sa yi. Matan dai ba su shiga wannan shirme ba. Sun bar wata 'yar ƙofar langalanga a jikin katangar, domin ruwa a gidan Muntaka yake. Shi yana fataucin albasa zuwa Kano, ya ɗan samu, ya ja wuta, ya sa injin jan ruwa a rijiyarsa, da tanki, da famfo na ƙarfe a tsakar gida. Hafsatu matar Nababa a nan take ɗiba, Barira matar Muntaka kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaure mata fuska ba.

To wutar layi a shekarar sai ta yi kwana huɗu ba a gan ta ba. Muntaka ya sayo janareto na hannu, ya kira Kallamu mai gyaran wuta ya haɗa masa akwatin canji, mai mariƙi guda: ka ɗaga sama wutar layi, ka sauke ƙasa ta janareto. Barira ta ce wa Kallamu tunda ya zo ya duba famfon nan, don in injin ruwa yana aiki yakan ɗan ja hannu. Kallamu ya gwada, ya ce wayar injin ce ta goge a cikin rijiya, sai ya samo sabuwa zai fito da shi. Amma ya ce ba zai bar gidan haka ba. Wuta in ta zube a jikin ƙarfe hanyar ƙasa take nema, in ba a yi mata hanya ba ta jikin mutum za ta bi, kuma da zarar an juya canji zuwa janareto gidan ya rabu da layi, ba shi da wata kariya sai wadda aka yi masa a nan. Don haka ya ja koriyar waya daga akwatin, ya ɗaure ta a bututun famfo, ya fitar da ita ta bayan katanga inda ƙasa ke da danshi. Can ya haƙa rami, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri kamar yadda masu sana'ar suke yi don ƙasar ta riƙe laima, ya kwara ruwa, ya rufe. Aiki ne mai kyau. Laifinsa ɗaya, wurin da ya fi danshi a bayan gidan shi ne taku huɗun nan da ake rigima a kansu.

Duk wannan Nababa bai sani ba, yana gona. Abin da ya sani shi ne abin da Hafsatu ta faɗa masa washegari da ya dawo daga sallar asuba, ta tare shi a zaure tana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, jiya na ga abu, na kasa barci. Na leƙa ta kafar katanga zan watsa ruwan wanke-wanke, sai ga Kallamu a durƙushe a bayan gida, daidai wurin nan naku. Rami ya tona."

"Rami? Na me?"

"Yo ina zan sani? Na dai ga ya soka wani jan abu dogo, ya zazzage gawayi, ya kawo gishiri fari tas ya bi da shi. Gishiri fa, Malam, a wannan tsadar, rabin buhu. Ya zuba ruwa, bakinsa yana motsi, ya mayar da ƙasa ya tattake."

Bakin Kallamu kullum yana motsi, goro yake ci. Amma a ƙauyen nan, mutum ya tona rami a kan iyakar da ake rigima, ya binne gishiri da gawayi da jan ƙarfe, ba sai an yi wa kowa fassara ba. Sunan abin ɗaya ne. Nababa ya ji kansa ya sara. Sa, gero, yarinya, duk suka jeru a gabansa kamar an zare su a igiya ɗaya. Bai tsaya lissafin cewa san ya mutu tun wata uku kafin a tona ramin ba. Mai tsoro ba ya irin wannan lissafi.

Ya ɗauki fartanya da gatari ya zagaya. Ƙasar sabuwa ce, tono bai yi wuya ba. Kamu biyu ya fara ganin baƙi, sai fari a cakuɗe, ya dangwala a harshe ya tofar. Gishiri ne. Ya ci gaba da tono yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har kan sandar ya fito, ja tana sheƙi, da koriyar waya a ɗaure a wuyanta wadda ta bi ta ƙarƙashin katanga ta shige gidan ɗan'uwansa. Wannan wayar ita ta ƙarasa shi. Wato daga cikin gidan Muntaka ake aiko abin. Ya ɗaga gatari ya datse ta a gindin katanga, ya kama guntun da ya rage ya fizga da ƙarfin tsiya har ya ji wani abu ya ɓalle daga ciki, wayar ta zaro a hannunsa. Sandar ta yi gardama. Ya girgiza ta gaba da baya, gumi yana shiga masa ido, har ta saki.

Da ya shigo gida da ita, tufafinsa duk taɓo, sai ya ji murya daga ɗakin mai jego.

"Inna, akwai sauran kunu?"

Ya tsaya cak. Ya ɗaga labule. Sakinatu ce a zaune, ta jingina da bango, gumi ya jiƙa mata goshi, idonta ya washe. Ta gan shi ta yi ɗan murmushi.

"Baba, ina kwana. Yau dai na ji sauƙi. Yunwa ma nake ji."

Kwana uku ke nan Barira tana shigo mata da ƙwayoyin zazzaɓi daga kemis, safe da yamma, ranar ce ta ukun. Hafsatu ta sani, amma ita ma a lokacin ba ta tuna ba. Ta dubi sandar, ta dubi 'yarta, ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Shi kuwa Nababa daɗi ya rufe shi har idonsa ya kawo ruwa, daɗin bai gama sauka ba ya juye ya zama wani abu dabam. Ashe da gaske ne. Ashe da bai tona ba da yarinyar nan ta tafi.

"Ina Muntaka?" ya tambaya, muryarsa ba ta fita sosai.

"Tun duku-duku na ji fitar babur ɗinsa. Yau kasuwar Ɗanbatta."

"To ai ɗan aikensa yana nan."

Shagon Kallamu yana bakin titi, tafiyar 'yan mintoci ta cikin gonaki. Ɗan ɗaki ne na kwano, cike da matattun fankoki da rediyo da wayoyin mutane da ke caji. Kakansa ne ya zo daga Barno da fatauci ya zauna, ubansa a nan aka haife shi, shi ma a nan. Bai san ko hanyar Maiduguri ba, Barbarcinsa bai wuce gaisuwa ba. Amma da wasa ake ce masa Babarbare, kuma a ƙasan wasan akwai tsohuwar maganar nan cewa mutanen gabas sun san abubuwa. Shekara arba'in maganar tana kwance ba ta ciji kowa ba.

Yana zaune a kan benci yana warware wata fanka, ya hango Nababa tafe, ya kuma gane abin da ke hannunsa. Ya miƙe da sauri, fuskarsa ta canja.

"Subhanallahi! Yaya Nababa, wa ya ce ka cire wannan?"

Da ya san yadda maganar za ta sauka a kunnen Nababa, da ya zaɓi wata. Nababa ya ji mutum ya amsa laifinsa da bakinsa, har yana jin haushin an tone. Ya juya sandar ya shimfiɗa masa a gefen fuska.

Ƙarar ta kai har rumfar mai shayi. Kallamu ya faɗa kan fankokinsa, ya yunƙura zai tashi, jini yana zuba daga bakinsa haɗe da jan goro, ya ɗaga hannu yana son magana. Nababa ya sauke ta biyu a kan hannun. Yatsu biyu suka karye suka juya baya. Ya kama wuyan rigarsa ya ja shi waje, ya yar da shi a cikin taɓon bakin titi.

"Jama'a ku zo ku gani!" Yanzu muryar ta fito, har tana tsagewa. "Ku zo ku ga abin da aka binne mini a bayan gida! Gishiri da gawayi da wannan! 'Yata kwana biyar tana mutuwa, ina tone shi ta tashi zaune!"

Ranar kasuwa ce, bakin titi cike yake da masu jiran mota. Kafin ka ce me, an yi zobe. Sabo mahauci ne ya fara kai ƙafa, shi da matarsa ta yi ɓari wata biyu da suka wuce. Usaini mai faci ya biyo da guntun taya. Daga nan ba a iya cewa wane da wane. Mutanen da suka kwana da yunwa, waɗanda taki ya gagara, waɗanda suka sayar da akuyar ƙarshe, duk shekarar nan suna neman wanda za su kama ba su samu ba, don tsada ba ta da wuyan riga. Yau ga mutum a ƙasa. Wanda Kallamu ya gyara wa fitila kyauta ya doke shi, wanda wayarsa ke caji a shagon a daidai lokacin ya doke shi. Abin kunya ne, kuma har yau in an tuna ba mai haɗa ido da ɗan'uwansa.

Kallamu ya dunƙule, ya rufe kansa da lafiyayyen hannun. Duk lokacin da ya sami sarari sai ya ɗago yana faɗin wani abu, amma muƙamuƙinsa ya goce, maganar ba ta haɗuwa.

"Inji... kar a... injin..."

"Ji shi, surkullensa yake yi!" in ji Sabo, ya taka masa baki.

Wani ya ce a kawo fetur. Wani ya ba shi amsa da cewa ina aka ga fetur ɗin ɓarnatarwa, aka yi wata muguwar dariya. Usaini ya shiga shagon ya fara watso kaya waje, rediyo tana fashewa a kan kwalta. Nababa yana tsaye a kan Kallamu, ƙirjinsa yana hawa da sauka, ya ɗaga sandar da hannu biyu yana auna tsakiyar kai. Da ta sauka da an gama.

"Nababa! Kai, Nababa! Ka ji tsoron Allah!"

Malam Khalilu ne, tsohon malamin firamare da ya koyar da rabin masu dukan nan karatu. Ya ratsa taron da lemarsa yana bugun duk wanda ya tare masa hanya, ya zo ya tsaya a tsakani, ƙafa ɗaya a kowane gefen Kallamu. Tsoho ne siriri, ture shi ba wuya, amma ba wanda ya iya.

"Kisa za ka yi? A gabana? Me ya yi maka?"

"Malam, ka matsa. Sammu ya binne wa 'yata. Ga shi a hannuna."

Malam Khalilu ya dubi sandar. Ya dubi guntuwar koriyar wayar da ke lilo a wuyanta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Nababa da wani irin kallo wanda ya fi zagi ciwo.

"Wannan? Wannan ne sammun? Irinta tana binne a bayan makarantarmu ta Bici tun ina ɗalibi, da gishirinta da gawayinta. Akwai ta a bayan asibiti. Wayar ƙasa ce, kai! Ita ke shanye wuta in ta zube!"

"Malam, bokonku daban. Ina cire ta yarinya ta tashi."

"To Allah ya ba ta lafiya, amma ba wannan ce ta kwantar da ita ba."

Taron ya fara sanyi daga baya. Usaini ya ajiye fankar da ya ɗauko zai fasa, a hankali, kamar ba shi ba. Malam Khalilu ya durƙusa, ya tallafo kan Kallamu, ya ce a kawo ruwa. Mai shayi ya miƙo buta. Aka wanke masa baki, haƙora biyu suka biyo ruwan. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, da ɗayan yake neman Nababa har ya same shi. Ba zagi ya yi ba, kuma da ya zaga da ya fi wa Nababa sauƙi. Ya kama rigar Malam Khalilu ya ja shi kusa, yana fitar da kalma ɗaya-ɗaya, tsohon yana maimaitawa da ƙarfi don kowa ya ji.

"Ya ce injin ruwan Muntaka yana zubar da wuta. Ya ce wayar nan ce take riƙe da famfon. Ya ce... me? Ya ce kar a tayar da janareto. In aka tayar, aka juya canji, duk wanda ya taɓa famfon nan..." Malam Khalilu ya ɗago. "Nababa, wayar da ka yanke, ka bar ta a haɗe ta ciki?"

Nababa ya tuna yadda ya fizga, da abin da ya ji ya ɓalle.

"Su wa ke ɗiban ruwa a famfon?" in ji tsohon.

Kowa ya sani. Mai jego tana gidan Nababa, wankan safe da yamma, tukunya ba ta sauka daga murhu. Kuma a daidai lokacin nan, daga can bayan gonakin gero, aka ji wani abu ya yi tari sau biyu, ya mutu, ya sake tari, sannan ya kama. Janareto ɗaya ne tak a wannan ɓangaren na gari.

Nababa bai san lokacin da ya saki sandar ba. Bai bi hanya ba, ta cikin gero ya yanka, ganye yana yankar masa fuska, kunyoyin gona suna harɗe shi, ya faɗi ya tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo. Yana gudu yana ihu, "Barira! Kashe! Kashe injin!" amma wa zai ji shi a kan ƙarar inji? Yana roƙon Allah da duk sunan da ya sani, ya ce a ɗauki ɗayan san, a ɗauki gonar, a ba Muntaka taku huɗun har da ƙari. Shekara hamsin da biyar gare shi, bai taɓa gudu irin na ranar ba, kuma bai taɓa ganin gidansu ya yi nisa haka ba.

Abin da ya faru a gidan ba wani abu ne mai tsawo ba. Tanki ya ƙafe, ba wutar layi, ga wankan mai jego. Barira ba ta san an taɓa komai a bayan katanga ba. Ta ja igiyar janareto da kanta kamar yadda mijinta ya nuna mata jiya, ta sauke mariƙin canji, ta kunna injin ruwa. Sakinatu kuwa ta sha kunu kofi biyu, ta ji ƙarfi a ƙafarta, ta ce zaman ɗaki ya ishe ta, bari ta leƙa ta gaida Inna Barira ta yi mata godiyar magani. Ta ɗauki ɗan bokiti da zanen jariri ta bi ta ƙofar langalanga, ba takalmi, simintin gindin famfo a jiƙe.

Nababa ya banke ƙofar gidan da ya yi shekara uku bai taka ba. Abin da ya fara gani Barira ce a yashe a gefe, tana riƙe da hannunta tana kururuwa, ashe ta kai hannu za ta janye Sakinatu wutar ta yi jifa da ita. Sannan ya ga Sakinatu. Tana tsaye, hannunta na dama ya damƙe kan famfo, bayanta ya lanƙwashe, kanta ya koma baya, duk jikinta yana karkarwa ƙanana-ƙanana. Ba ta ihu. Bakinta a buɗe yake amma ba abin da ke fita. Ruwa yana ta zuba a bokitin har ya cika yana malala a kan ƙafafunta.

Hafsatu ta ɓullo ta 'yar ƙofar da gudu, hannuwa a buɗe, ta nufi 'yarta. Nababa ya tare ta da kafaɗa ya watsar da ita jikin katanga, matar da bai taɓa ɗaga wa yatsa ba. Janareton yana can ƙarshen gida a cikin keji, bai ma san inda ake kashe shi ba. Idonsa ya faɗa kan taɓarya a jingine da turmi, busasshiya. Ya ɗauka.

Ya zura ta tsakanin yarinyar da bututun ya ɓanɓara, hannun bai saki ba. Ya tura ƙirjinta, jikin ya karkata, yatsun suna nan a maƙale kamar an ɗinke su da ƙarfen. Sai ya ja da baya, ya ɗaga taɓaryar, ya doki hannun 'yarsa. Bai saki ba. Ya sake, yana kuka, yana kiran Allah. A na uku ya sa duk ƙarfin da yake da shi, ya ji ƙashin ya ba da ƙara, yatsun suka zame, ta zube a cikin ruwan. Ya sa taɓaryar ya turo ta har kan busasshiyar ƙasa, sannan ya yar.

Barira ta rarrafa ta kai ga janareton ta kashe. Ƙarar ta ɗauke. Sai aka ji kukan jariri daga ɗayan gidan, da sauran ruwa yana ɗiga.

Ya durƙusa ya ɗago ta. Jikinta da ɗumi, fuskarta ta yi wani irin toka-toka, tafin hannun ya ƙone fari. Ya girgiza ta, ya kira ta, ya kara kunnensa a ƙirjinta, ya hura mata iska a fuska, ya sake kara kunne. Mutanen bakin titi sun fara isowa, sun cika ƙofar gida, Sabo mahauci a gaba da jinin Kallamu a ƙafar wandonsa, ba mai iya shigowa. Malam Khalilu ne ya iso daga baya yana haki, ya ratsa su, ya durƙusa, ya riƙe wuyan hannunta na hagu. Ya daɗe. Sannan ya sa yatsu biyu ya rufe mata ido, ya fara salati a hankali.

Hafsatu ta taso daga gindin katanga, goshinta a fashe, ɗankwali ya faɗi. Ba ta je bakin titi ba, ba ta ji abin da aka faɗa a can ba. Ta zube a gaban mijinta, ta kama rigarsa da hannu biyu tana jijjiga shi.

"Malam, ba ka ce ka cire ba? Ba ka ce ka tone shi duka ba? Wani abu ka bari a ramin?"

Nababa bai ɗago ba. Yana gyara karyayyen hannun a kan cikinta, a hankali, kamar har yanzu zai iya yi mata ciwo.

"Ban bar komai ba, Hafsatu," ya ce. "Duka na cire. Ni na cire da hannuna."